Awarwaro Ya Ce Yana Ɗinki

Tun da aka kafa dokar awarwaro, motar asibiti ba ta fita sai ƙarfen da ke hannun mutum ya shaida cewa ciwo ya kayar da shi. Maganar bakin ɗan'adam ta daina aiki.

Ladidi ta durƙusa gaban mahaifinta, Malam Jatau, numfashinsa na fita da ƙyar, yatsunsa na jan carbi. Ta kira asibiti har muryarta ta dushe.

"Baiwar Allah, awarwaronsa ya nuna ɗinkin hula yake yi," in ji ma'aikacin.

"Carbi yake ja! Ku zo ku gani da idonku!"

"Ba a ba mu izinin zuwa ba."

Ta juya tana kuka. "Baba, don girman Allah ka ajiye carbin nan, ko na ɗan lokaci ne."

"Uwata," ya ce a hankali, "a wannan gaɓar zan bar ambaton Ubangijina don ƙarfe ya gaskata ni?"

Ta kama hannun za ta danne, sai ta kasa, ta sake shi.

Wajen la'asar carbin ya sulale ƙasa da kansa. Nan take awarwaron ya yi ƙara, wata murya mai daɗi ta sanar da ita cewa mota ta taso.