Buhunan da Ke Zaure

Zo nan, Sabi'u, zauna. Kai ne kake ta mita wai kana cin tuwo malmala biyu amma wando yana zame maka, ga likita ya ce suga ya yi maka yawa a jini. Ka ce in suga ya yi yawa, yunwar daga ina? To, ni gwaggonka ban tsufa a aikin jinya a banza ba. Jikin nan naka ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace kamar gida, an kewaye ta da wata 'yar fata mai maiƙo, ita ce katangarta. Iska da ruwa suna silalewa ta jikinta, amma suga ba ya shiga sai ta ƙofa. Ƙofar kuma ba ta buɗuwa sai ɗan aiken da ake ce wa insulin ya tsaya daga waje ya yi sallama. Shi ba ya shiga, muryarsa ce ke shiga. Ajiye wayar nan ka ji misali.

An yi wata tsohuwa a ƙarshen wani ƙauye, ɗanta tilo, kuma na fari, ya tafi kurmi neman abinci. Ka san kunyar iyayenmu da ɗan fari: ba ta taɓa kiran sunansa ba, in an tambaye ta labarinsa sai ta kau da kai ta ce, "Oho masa." Amma Allah ya sani, kewarsa tana cin ta. Duk sallamar da ta ji a zaure sai gabanta ya faɗi, ta fito da takalmi ƙafa ɗaya, ta tarar mai tallan manja ne, ko mai neman aron gatari, ko baƙon da ya ɓata hanya. Ta koma jiki a sanyaye. Yau haka, gobe haka, har zuciyar ta gaji da a ɗaga ta a kayar. Ran nan ta ja ƙyauren da ke tsakanin zaure da tsakar gida ta danna sakata, ta ce ta daina wahalar da ƙafafunta. Ba kurumcewa ta yi ba, tana ji sarai. Sallamar ce ta zame mata kamar kukan kurciya, a ji a wuce. Ruwa dai akwai rijiya a gida, maƙwabciya kuma takan miƙo mata 'yar ƙwaryar koko ta kan katanga. Sai dai buhu ba ya tsallake katanga.

Ashe ɗan bai manta da ita ba. Duk kaka yakan aiko direbobi da buhun hatsi. Direba ya yi sallama har murya ta dushe, shiru, sai ya jingine buhun a zaure ya kama gabansa. Masu wucewa suna zaton ajiyar wani ce, ajiya kuwa ba a taɓa ta. Gara ta hau, ɓeraye suka yi ƙiba, ita tana bayan ƙyaure tana ramewa har zani ya yi mata yawa. Wata rana da hantsi, mutane duk suna gona, sai ga ɗan da kansa ya diro daga motar kaya da ta ɗan tsaya masa. Ya yi sallama. Muryarsa ta yi kauri a can, ba wadda ta sani ba ce. Tana kan tabarma ta ji, ta ce a ranta, ga wani mai manja. Ya sake, ya cika ta uku kamar yadda ita ta koya masa. Ya dubi buhunansa ko bakinsu ba a kwance ba, ya dubi yanar gizo-gizo a jikin ƙyaure, sai ya ɗauka ta rasu ba a sanar da shi ba. Direban motar yana ta danna masa hon. Ɗan ya share hawaye da hularsa ya hau motar.

Can maƙwabciyar ta dawo daga gona, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Inna, ashe wanda ba kya faɗin sunansa ya zo? Yanzu na hango shi a bayan mota." Wayyo Allah! Sakatar ta yi tsatsa, da ƙyar ta zaru. Ta yi tuntuɓe da buhu a zaure, ta faɗi, ta tashi, ta fita titi ko mayafi babu. Ta buɗe baki ta ƙwala sunan nan da ba ta taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Motar ta riga ta sha kwana.

Haka gidajen jikinka suke, ɗan nan. Abinci yana jibge a zaure, wato jininka, ɗan aike yana ta sallama, masu gida sun gaji da amsawa. Maganin da kake ɓoyewa a ƙarƙashin filo, kana zaton ban sani ba, da tattakin da aka ce ka riƙa yi, su ne za su sa masu gida su sake kasa kunne. Ka sha don Allah. Ni duk na tuna tsohuwar nan sai ka faɗo mini a rai, kuma ina so in ci gaba da jin sallamarka a zauren nan har in koma ga Mahaliccina. Kada ka bari a yi maka abin da Hausawa ke cewa: ga ƙoshi ga kwanan yunwa.