Tsakanin Raga da Layin Baya

Labarin nan yana da ruwaya biyu. 'Yan majalisar ƙofar kulob ɗin tanis suna cewa tsoro ne ya kama yarinyar ranar gwaji. Ban karɓi wannan ba, domin yawancinsu sakamakon kawai suka ji. Ruwayar da na dogara a kanta ita ce ta alƙalin wasan, domin a kan doguwar kujera yake zaune, yana ganin ƙafafun 'yan wasa, kuma ba shi da dangi a kowane ɓangare. Abin da ya gabaci ranar kuwa, daga bakin uban na ji shi. Ka saurara, tun da kai ma uba ne.

Wani mai harhaɗa magani ne a asibitin gari, wanda Allah ya jarabce shi da son wasan tanis. Kakar wasan ƙwararru ba ta wuce shi. Yana bin ta a talabijin tun daga filayen siminti na farkon shekara, zuwa na jar ƙasa da bazara, zuwa na ciyawa idan damina ta kankama, har a koma siminti. Amma kallon bai taɓa ba shi natsuwa ba. Abin da yake yawan faɗa wa abokan aikinsa shi ne, wasan nan ba ya riƙe amanar kowa: wanda ya ɗaga kofi a kan jar ƙasa, sai ka ga an yi waje da shi tun zagayen farko a kan ciyawa, kamar ba shi aka yi wa tafi jiya ba. Yana da 'ya wadda ta tashi tana dukan ƙwallo a bangon gidansu da hannun hagu, har ta mallaki bugu guda mai ƙarfi, wanda ke tafiya ƙasa-ƙasa ya faɗi a kusurwa. Da wannan bugun ta gagari 'yan matan garin, aka sa ta cikin waɗanda za a gwada domin zaɓen 'yan wasan jiha. Wadda aka zaɓa, jiha ce za ta ɗauki nauyin karatunta na jami'a, abin da ƙarfin uban bai kai ba.

Daga ranar hankalinsa ya tashi. Da ya ga wata gwanar jar ƙasa tana tsayawa can bayan layi, tana ɗaga ƙwallo sama har abokiyar karawarta ta galabaita, sai ya ce a ransa, idan 'yarsa ta gamu da irin wannan, tata ta ƙare. Ya mayar da ita bayan layi, ya hana ta bugunta, ya ce haƙuri ne ke cin wasa. Ba ta gama sabawa ba aka shiga ciyawa, ya ga wata doguwa tana sakin bugun farko kamar aradu, ta ruga gaban raga ta kashe ƙwallo. Ya ce ashe zamanin tsayuwa a baya ya wuce, ya koma yana tura ta gaba. Da aka dawo siminti, wata mai riƙe raket, wato abin bugun ƙwallo, da hannu biyu ta lashe kofi, ya sa yarinya ta canza riƙo. Abinci ya daina shigarsa, yana ƙulla magani yana tunanin kusurwa. Matarsa ta ce, "Malam, jiya baya, yau gaba. Tanis kake koya mata ko tuƙin mota? Ka bar yarinyar nan da hannunta." Ya ce, "Ke ba ki ga abin da nake gani ba. Duniya ta yi gaba."

Ranar gwaji, tana ɗaure takalmi, ta ɗago kai ta ce, "Baba, yau wacce zan zama a cikinsu?" Ya juya ya koma bayan shingen waya. Wadda aka haɗa ta da ita ba gwana ba ce, bugu ɗaya ta iya, kuma shi ta yi ta yi daga farko har ƙarshe. Alƙalin ya ce, ita 'yar mai magani sai ta zabura za ta yi gaba, ta tuna darasin jar ƙasa, ta ja birki a tsakiyar fili, daidai inda ƙwallo ke faɗowa a kan yatsun ƙafa, inda ba mai iya mayar da ita. Idan ƙwallo ta zo mata ta hagu, sai ta ɗaga hannu ɗaya, ta kawo na biyu a makare, ƙwallo ta kwanta a raga. Duk bugun da ya kuɓuce, sai ta waiwayi ubanta, shi kuwa yana bayan shingen, hannu ɗaya yana cewa ta matsa, ɗayan yana cewa ta koma. Aka kira sunayen waɗanda aka zaɓa, babu nata. Da suka koma gida, ya miƙa mata ƙwallo ya ce ta yi masa tsohon bugun nan a bango ko sau ɗaya. Ta gwada, ta sake gwadawa, hannun bai tuna ba.

Waɗanda suka halarci wasan, kuma za su iya ba da shaida, su ne Malam Barau Ƙaura, alƙalin wasa, da Hajiya Tabawa Lawandi, wakiliyar hukumar wasanni, da Mista Bitrus Gyang, mai horarwa, da Alhaji Maikano Giwa, dattijon kulob. Alhaji Maikano ne ya dubi uban, wanda ke riƙe da wayar shingen bayan kowa ya watse, ya ce: garin neman gira, an rasa ido.