Farar Hula Mai Zanen Biro

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayun 2024, da ƙarfe tara da rabi na safe, Awaisu ya zauna a kan kujerar wani asibitin ƙwaƙwalwa a Abuja. Matarsa Kulu tana tsaye a bakin ƙofa, riƙe da hularsa.

Damina biyu ke nan bai kama fartanya ba a gonarsu ta Tsiga. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki. Abinci ya fita ransa, hira ta zame masa nauyi, ko dariyar 'yarsa ba ta motsa shi. Likitan Funtua ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, cuta ce kamar hawan jini, ba raunin imani ba. Da ƙwayoyi iri uku suka kasa, sai ya rubuta masa takarda zuwa inda ake da na'urar maganaɗisu, wadda ake ɗora wa mutum a gefen kai don ta farkar da sashen ƙwaƙwalwar da ya yi sanyi. Ba yanka, ba allurar barci. Zama ne na ɗan lokaci kullum, har mako shida.

Sai dai gidansu gidan gandu ne. Tun rasuwar mahaifinsu, wansa Abdulmutallib ke riƙe da gona da rumbu, kuma ba mai yin doguwar tafiya sai da izininsa. Ya karanta takardar, idonsa ya daɗe a kan sunan asibitin, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

"A gidan nan ba a taɓa yin mai taɓin hankali ba, kuma ba a kanka za a fara ba," in ji shi. "Ka je a riƙa ƙwanƙwasa maka kai kamar ana buga ƙusa? Riƙe addu'a, ƙanena."

Awaisu ya sallama, domin Yaya ya fi shi sanin duniya. Shi ne ya taɓa yin wata ɗaya da rabi a birni yana bin takardun taki, shekara uku da suka wuce, ya dawo da fara'a duk da ba a ga buhu ko ɗaya ba. Shi ne kuma ya ɗauko Awaisu ya kawo shi nasa ɗakin ana yi masa tofi. A can ne wata rana, Awaisu yana neman carbi a ƙasan akwatin Yaya, ya ci karo da wata farar hular yadi mai zanen shuɗin biro. Yaya ya karɓe ta da sauri, ya ce ma'aunin maɗinki ne.

Shekara ta zagayo, ciwo sai ƙaruwa. Ranar da Kulu ta tarar da mijinta da hantsi a bakin rijiya, ba guga a hannunsa, yana kallon ruwa, ranar ta daina jiran izini. Ta koma Funtua ta karɓo wata takardar, ta ce wa Yaya za su gaishe da iyayenta a Malumfashi.

Yanzu ga ma'aikaciyar jinya ta sa masa wata hula a ka. Ta auna daga karan hanci zuwa ƙeya, ta ja layi, ta zana da'ira a gefen hagu inda na'urar za ta zauna.

"Malam, kowa da tasa," ta ce. "In ka gama, sai ka tafi da ita gida. Da farko za ka ji kamar ana buga maka ƙusa, amma za ka saba."

Awaisu ya ɗaga kai ya dubi madubin da ke bango. Farin yadi, shuɗin layi, da'ira a gefen hagu.

Abdulmutallib ya riga shi zama a kan wannan kujera da shekara uku, ya warke, ya dawo gida ya hana shi zuwa.