Mai Zagi a Bakin Layi

Shekarar ta ɓace mini, sunan ƙungiyar ma haka. Tsufa ya yi mini sata da yawa. Amma ina tuna yaron da ake kira Walƙiya, ɗan wasan gefen hagu, kuma ina tuna yayansa.

Yayan ne ya fara yin suna a ƙwallo, kafin gwiwa ta kwantar da shi ya koma gyaran babura. Ƙanen ya gaji takalmansa, ya gaji lambar rigarsa, har da 'yan kallonsa. In aka yabi Walƙiya a gareji, sai yayan ya ajiye sifana ya ce, "Da gwiwata na nan, wa zai san wannan?"

Duk da haka bai taɓa fashin wasa ba. Kullum yana kujerar gaba, daf da layin hagu, ƙafa a miƙe. Ba ya tafi, ba ya murna. Sai Walƙiya ya baro layi ya kutsa tsakiya, mai tsaron baya ya taso masa ta hagu, ka ji muryar yayan ta tsaga filin: "Rago!" Nan take yaron zai goce, mai tsaron baya ya wuce fanko yana sharar ciyawa. Mutane suka ce haushin zagin ne ke ƙara masa wuta.

"Malam, ka yi wa mutumin nan nasiha mana," in ji maƙwabcina. "Hassada za ta kashe shi. Ciki ɗaya fa suka fito!"

Na je. Ya saurare ni da ladabi yana goge baƙin mai a hannunsa. "Allah gafarta Malam," ya ce, "hassadar kam akwai ta, har barci take hana ni. Amma kujerar nan ba zan bar ta ba."

Da wata ƙungiyar ƙetare ta ɗauki Walƙiya, sharaɗi biyu ya kafa: ba zai buga gefen dama ba, kuma da yayansa zai tafi. Wasu suka ce tsoronsa yake ji, wasu suka ce an yi masa asiri. Can ma a talabijin mukan hango mutumin a bakin layi, fuska a murtuke.

Sannan aka kira yaron tawagar ƙasa. Wasan ƙarshe ne, ko na kusa da ƙarshe, wannan ma ya kwance mini. A ranar, magoya baya suka tare yayan a ƙofar shiga. "Yau dai baƙin cikinka a waje zai tsaya," suka ce. Ya roƙe su, har da hawaye. Suka yi ta dariya, suka hana shi shiga.

Bayan hutun rabin lokaci Walƙiya ya ɗauko ƙwallo, ya kutsa tsakiya kamar kullum. Wani ƙaton mai tsaron baya ya taso masa ta hagu. Duk filin ya gan shi. Yaron bai goce ba. Har kujerun sama an ji ƙarar ƙashin, kuma bai sake buga ƙwallo ba.

Aka ce bakin yayan ne ya kama shi.

Bayan shekaru na kai wa mahaifiyarsu gaisuwa, hira ta kawo mu nan. Ita ta gaya mini, daga baya likitan da ya duba ƙanen yana yaro ya tabbatar mini: tun ranar da aka haifi Walƙiya, idonsa na hagu bai taɓa gani ba. Ashe zagin nan shi ne idon.