Suna Na Takwas

"Tambaya uku kawai za ki yi masa," in ji likita. "Daga nan za mu shiga da shi tiyata."

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke masa. Hannuna yake matsawa: sau ɗaya eh, sau biyu a'a. Yau tun safe yake ta neman wani, mun rasa ko wane ne.

Na kasa zama. Ina kai-komo a baranda na rubuta sunaye takwas a bayan takardar magani, yadda kowace amsa za ta zubar da rabi.

"Baba, namiji ne?"

Ya matsa sau ɗaya. Saura huɗu.

"Cikin 'ya'yanka yake?"

Sau ɗaya. Saura biyu. Har an turo gadon ɗaukarsa.

"Auta ne ko?"

Sau biyu, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Na dubi sunan da ya rage. Yayana ne, wanda Baba ya kora shekara tara da suka wuce, ya hana a ambace shi a gida. Don lissafi ya cika takwas kawai na rubuta shi.

Na bi gadon da gudu, waya a kunne. "Yaya, maza ka zo. Baba na kiranka."