Ƙafar Mai Ginin Tukwane

Barira, ajiye kwalaben nan ki zauna. Kin ce kin jiƙa ganye, kin tace, kin ɗiga ruwansa a kan ƙwayoyin cuta, gari ya waye kin tarar suna yaɗuwa abinsu, don haka za ki bar binciken. To, saurara ki ji.

An yi wata mata mai ginin tukwane a wani ƙauye na bakin rafi. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, da sana'ar nan take ci da su. Da ƙafa take taka yumɓu, tun hantsi tana cikin laka har la'asar. Wata damina sai tsakanin yatsun ƙafafunta duka biyu ya fara ƙaiƙayi. Fatar ta yi fari, ta jiƙe, tana saɓulewa, daga baya ta tsattsage tana wari. Ta kai in ta sa ƙafa a yumɓu sai ta ji kamar an barbaɗa mata barkono. Aiki ya tsaya cak, masu sayen randa suka fara komawa wani gari. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin: wannan darbejiya, wancan lalle, wata ta ce sabara, wata ganyen gwaiba. Don ɗokin ta warke sai ta tattara su duka a tukunya ɗaya, ta tafasa, tana tsoma ƙafa. Yau ta ji dama, gobe abin ya ƙara ci. Ba ta san wanda ya taimaka ba, ba ta san wanda ya ɓata ba.

Rannan tana zaune a gindin bango tana kallon tukwanen da ba ta ƙarasa ba, sai ta tuna yadda take yi in ta samo sabuwar ƙasa. Ba ta haɗa ta da kowace, ɗan kasko take ginawa da ita kaɗai, ta gasa, ta ga ko zai fashe. Sai ta zubar da haɗin nan, ta koma ɗaukar ganye ɗaya-ɗaya. Ƙafar dama ta sa a ruwan ganye, ta hagu a ruwan ɗumi kawai, ta jira kwanaki ta duba. Na farko bai yi komai ba. Na biyu ya rage ƙaiƙayi, amma tsagar na nan. Wani ma zafi ya ƙara mata, ta yar da shi. Maƙwabta suka fara cewa ta haƙura ta koma sayar da ƙosai. Tana ɗingishi ta shiga daji neman itacen gashin tukwane, ta saro reshen marke da ganyensa, ta ce bari shi ma a ba shi nasa rabon. Sannu a hankali ƙafar dama ta bushe, warin ya ɗauke, sabuwar fata ta fito, ta hagu kuwa tana nan yadda take. Ba ta yarda da idonta kaɗai ba, ta je ta nuna wa malamar asibitin ƙauyen ƙafafun biyu. Malamar ta duba da kyau ta ce, "Inna, ci gaba, amma ki riƙa tsane ƙafar bayan aiki. In kin ga kumburi ko zazzaɓi, ki zo da wuri." Kafin kaka matar ta koma cikin yumɓunta, har manoman shinkafa masu yini cikin ruwa suna sallama a ƙofarta, tana nuna musu ganyen da yadda ake dafa shi.

Ganyen da ya ƙi yi bai ɓata mata lokaci ba, hanya ya rage mata. Gaskiyar Hausawa da suka ce, mai nema yana tare da samu.