Lambar da Ba Ta Rabuwa

Ranar suna da sassafe, Iya Tabawa ta tafi ofishin rajista karɓo lambar jikanta. Tun da aka kafa dokar, ba a raɗa wa jariri suna sai an ba shi lamba. Wanda tasa ba ta rabuwa da komai sai ɗaya da ita kanta, hukuma ke zuwa ta ɗauke shi. Ba a taɓa dawo da ko guda ba.

Ma'aikacin, Malam Sallau, ya miƙo mata takarda. Lambar doguwa ce, ta cika layi. Iya ba ta yi boko ba, amma kowace kaka ta san ƙarshe ake dubawa. Bakwai ta gani, ta dubi Sallau.

"Ɗan nan, na san biyu ba ta raba ta. Uku fa?"

"Ba ta shiga ba, Iya. Na'urar lissafinmu ta wuce dubu tara, har yanzu tana neman mai raba ta."

"To me zan ce a gida? Maza sun cika zaure, an ɗora tukwane."

Sallau bai ɗago kai ba. Ya rage murya.

"Su ci abincinsu, Iya. Ragon dai kada a yanka tukuna."